Mai Ɗaukar Waya a Ofishin Sanata

Shekara sha tara ina wannan tebur,
hawa na uku, gefen tagar da ba ta buɗuwa,
ina ɗaukar wayar Sanata Orval Tackett,
ina jan layi a takarda: masu so, masu ƙi.
Aikina ke nan, ƙirgawa.

Ran Litinin wayar har zafi take a kunne.
Jiya an raba 'yar takarda a majami'u,
lambarmu a ƙasa da jar tawada.
Mutum ɗari huɗu, magana ɗaya,
har inda suke tsayawa su ja numfashi ɗaya ne.
Ban ga laifinsu ba, abin da ke ransu suke faɗa,
amma wani ne ya jera musu kalmomin furtawa.

Na san shi. Mista Harlan Voss,
kwat mai ruwan toka, ɗan gicciye a ƙirji,
ba ya ɗaga murya, ba ya zama sai an ce zauna.
Yana da jadawali, kowane sanata da makinsa,
kamar 'yan firamare ranar karɓar sakamako.
Ya ajiye shi a tebur, ya tambayi jikoki,
ya ce zaɓen fid da gwani saura wata biyar,
ya yi addu'a, ya fita.
Bara sun kayar da na gundumar da ke maƙwabtaka.
Tun da gemun ɗan'uwa ya kama wuta
na maigidana bai sake bushewa.

Bana buƙatunsu huɗu.
Addu'a kafin wasan ƙwallo: an ɗaga hannu, ta wuce.
Littattafai uku a sauke su daga kantar makaranta: ta wuce.
Shagon giya ya kwana rufe har tsakar ranar Lahadi:
ta wuce, har da tafi daga benen 'yan kallo.
Duk cikinsu ba wadda ta ci wa baitulmali kwabo.

Ta huɗun ita ce ta Wilma Prewitt.
Gidan caca ake son ginawa a bakin kogi,
ita kuwa caca ce ta cinye gonar mijinta,
kadada tamanin, da tarakta, daga baya shi kansa.
Ta biyo motar majami'a tun asuba,
burodi a leda, maganin hawan jini a jaka,
ta zauna a benci tana murza hannun riga,
tana jiran a ce a'a, ta tashi ta koma.

Masu gidan caca ba su taɓa kirana ba.
Ko layi ɗaya ba su da shi a takardata.
A otal suke cin abincin dare, ƙofa a rufe.
Ƙarfe biyun dare, motar majami'a ta daɗe da tafiya,
aka liƙa dokarsu a bayan kasafin gyaran hanya
kamar kaska a kunnen sa.
Maigidana ya ɗaga hannu bai kalli kowa ba.

Da jadawalin Mista Voss ya fito
na bi shi da yatsa har ƙasa:
ƙuri'ar daren nan ba ta cikin lissafi.
Sanata Tackett, maki ɗari bisa ɗari,
da hotonsa yana murmushi, a raba ran Lahadi mai zuwa.

Da safe wayar ta yi ƙara.
"Lorene, mun ci?"
Na ce, uku cikin huɗu, Wilma.
Ta yi shiru. Ina jin butarta tana tafasa.
Ba ta tambayi wacce ce ta faɗi ba.
Ta ce a gaida Sanata, tana sa shi a addu'a.

Na ɗauki biro in ja mata layinta,
na duba masu so, na duba masu ƙi,
na rasa gidan da zan sa ta.