Tafinta a Ƙarƙashin Tebur

Shekara goma sha tara wayoyin nan ba su ce uffan ba.
Ni ne shaida, don ni ke goge su duk Litinin
da yagaggiyar singileti,
su shida, a ofishin fatu da ƙiraga na Bompai:
biyar ruwan toka, masu madannai,
ɗaya baƙa wuluk, wadda ake juyawa da yatsa,
marigayi Alhaji Ɗangoggo ya sayo ta
tun manajanmu bai yi wayo ba.

Manaja ya ce a kira 'yan jari-bola.
Har na ɗaure su da igiya kamar kajin kasuwa,
sai ga Barira daga titin Bairut,
jakar goyo, hijabi a naɗe zuwa gwiwar hannu.
Ta ce, "Baba Ilu, kwance su.
Ba mutuwa suka yi ba,
hanyar garinsu ce ta shafe."

Ta zaro wani akwati, bai fi kwalin sukari ba,
bayansa ramuka kamar gidan zanzaro.
"Nan intanet, nan wayoyinku. Tafinta ne.
Kai ka yi magana, shi ya yayyanka muryar,
ya ƙulla ta ƙanana kamar gishirin 'yan tebur,
wani ƙullin ya bi ta Legas,
wani ta inda Allah kaɗai ya sani,
a can a kwance, a jera, a miƙa wa mai saurare
kafin ka haɗiye yawu."
Na ce, in ƙulli ɗaya ya faɗi a hanya fa?
Ta ce, "Sai ka ji mutum ya cinye rabin kalma."
Na ce, ai masu wannan tun da can muna da su.

Ta shige ƙarƙashin tebur.
Ɓera ya ci waya wuri uku.
Ta ja sabuwa ta jikin bango, ina riƙe mata ƙusoshi a tafin hannu,
warin fata mai gishiri na shigowa ta taga.
Bayan la'asar fitila koriya ta ƙifta.
Na ɗaga kan waya na kara a kunne,
sai ga ƙugin nan, dogo, miƙaƙƙe,
kamar numfashin wanda aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Ba kyauta ba ne, ta gaya mini gaskiya.
Layin da yana zuwa da wutarsa,
ko gari ya yi duhu yana magana.
Wannan kuwa in an ɗauke wuta ya yi gum,
sai an jingina shi da batir.

Na tafi wajen baƙar.
Yatsana bai tambaye ni ba, ya shiga rami:
sifili, shida, huɗu,
lambar gidan Alhaji a Gwammaja,
faifan yana komawa, tarrr, tarrr,
a natse, kamar mai jan carbi.
Shiru. Ƙugin bai ko motsa ba.

"Tafintan ba ya jin yarenta," in ji Barira.
"Za a iya kiranta.
Ita ce dai ba za ta kira kowa ba."

Ta danna salularta.
Ƙararrawa! Ta ƙarfe, ta gaske,
har manaja ya zubar da shayi a kan rasit,
leburori suka leƙo daga sito, gishiri a hannuwansu.
Na ɗauka, na gyara tsayuwa:
"Salamu alaikum, kamfanin Ɗangoggo."
Tana taku biyu daga inda nake,
na ga bakinta ya amsa,
muryar ta iso daga baya kaɗan,
ta gama zagayenta.

Biyar ɗin an rarraba su ofis-ofis.
Baƙar na roƙa, aka bar mini a bakin ƙofa,
gefen buta da littafin baƙi.
Muna nan mu biyu.
Waɗanda muka haddace lambarsu ba sa ɗauka,
amma a kira a gani.