Zaren Jini

Asibitin Wad Madani, wuta ta ɗauke,
na'ura ta yi tsit kamar gidan makoki.
Na kwance agogon hannu, na koma aikin da.

Baba Mamuda, manomin auduga daga Mai Wurno,
gobe za a yi masa aikin ƙaba.
Na huda fatar kunnensa,
duk rabin minti ina tsane jinin da farar takarda,
ɗigo bayan ɗigo, kamar mai jan carbi.

Ya kamata ɗigon ya ƙanƙance.
Ya ƙi.
Minti bakwai. Tara. Sha ɗaya.
Na karya siririn bututun gilashi
ina neman zaren nan da jini ke saƙawa
in ya tashi rufe ƙofarsa.
Ya zo, amma a makare.

"Baba, kana shan wani magani?"
Ya dubi rufi, ya sosa gemu,
ya zaro ƙullin leda daga aljihun jallabiya:
ƙwayoyin tsinka jini, aiken ɗansa daga Jidda.
"Wannan ai tsaraba ce, 'yata."

Na rubuta wa likita: a dakata da wuƙa.
Baba ya ɓata rai, girbi na jiransa.
Na danne kunnen da auduga.
Wa ya sani, ko shi ya noma ta.