Ɗari Biyar da Arba'in

Da hantsi sakamakon ya shigo waya,
ina tsaye bakin sito a Dawanau,
ana sauke riɗi daga tirelar Maigatari.
Ɗari biyar da arba'in.
Na goge gilashin da bakin riga.
Bai ƙaru ba.

Makarantar kuwa ɗari bakwai take so,
haka takardarsu ta ce,
mai hoton ciyawa shar da dogon gini mai agogo.

Ni da nake kallon buhu in faɗi nauyinsa
kafin Tasi'u ya ɗora shi a sikeli,
ni da nake jin tashin dala a Wapa
tun 'yan canji ba su gama shan koko ba,
aka zaunar da ni gaban na'ura a Legas,
ɗaki mai sanyi kamar ma'ajiyar kifi,
aka ce motoci biyu sun taso,
ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma,
yaushe za su haɗu?
Na ce a raina: wane ne direban?
Da lodi ko babu? Shinge nawa ne a hanya?
Kafin in gama tambaya lokaci ya wuce.

Kawu Mudi ya ce, "Nawa ka ci?"
Na faɗa. Ya ce, "Cikin nawa?"
Na faɗa. Ya ja carbi, ya yi shiru,
"Ai ka haura rabi. Riba sama da rabi,
shekara talatin ban gan ta a kasuwar nan ba."
Na yi dariya har ƙirjina ya yi zafi.

Da dare a Kurna, janaretan maƙwabci na tari,
na buɗe fam ɗin duk da haka.
Suka ce: ba mu labarin ranar da ka riƙe mutane
lokacin da komai ke zamewa.
Sai na rubuta daminar da ruwa ya ci sito,
buhu dubu da ɗari biyu, kuɗin mutum tara,
har da adashin Gwaggo Ladiyo.
Yadda na tashi leburori arba'in da tsakar dare,
muka shanya abin da ya tsira a filin firamare,
yadda na bi tara ɗin nan gida gida
ban aika yaro ba, ban kashe waya ba,
wata goma sha huɗu ina biya,
ina soke suna ɗaya bayan ɗaya a littafi.

Can ƙasa akwai ƙaramin akwati:
ko da abin da kake son ka bayyana?
Na rubuta rashin wuta, na goge.
Na rubuta motar dare da ciwon baya, na goge.
Duk gaskiya ne, amma uzuri jiƙaƙƙen riɗi ne,
nauyi ya ƙaru, daraja ta faɗi.
Na bar layi biyu kawai:
Makina ya gaza, na sani.
Na sake biyan kuɗin zama a watan jibi.

Kuɗin fam ya kai na buhu uku.
Kati ya ƙi sau biyu, a na uku ya wuce.
Na danna. Ladan ya yi gyaran murya.

Da safe wani mai saye ya zo da tabarau,
ya ɗebi riɗi cikin tafi daga bakin buhu,
ya hura, ya ga tsakuwa biyu,
ya yamutsa fuska zai yanke wa tirela guda hukunci.
Na riƙe masa hannun riga.
Na ce, "Yallaɓai, wannan na sama ne.
Zura hannunka ƙasa."

Ya dube ni. Ya dubi agogonsa.
Har yanzu hannun nasa na bakin buhu.