Kogon Mai Niƙa, Rosario

Delfina na jan hannuna wajen macijin ƙarfen nan
mai haɗiye mutum ashirin ya tofar da su a jirkice.
Layinsa ya kai ƙofa, ya lanƙwasa, ya dawo.
Na ce, je ki, 'yar nan,
cikina ya daina irin wannan ciniki.

Na bi ta bayan rumfar masu suya,
inda kwalta ta ƙare, tsohon daɓe ya soma,
inda taswirar wurin ta ƙanƙance lamba
kamar mai jin kunyar danginsa na ƙauye.
Ga shi nan. Kogon Mai Niƙa.
Ba kowa a layi sai tattabaru biyu
da iskar kogin Parana.

Anselmo na kan kujerarsa, ƙoƙon shayin mate a cinya.
Na san shi da baƙin gashi,
yana yaga tikiti da haƙori in hannu ya cika.
Yanzu wata 'yar na'ura ke ƙyafta wa waya ido,
shi nasa ya riƙe igiya,
ya ce, a hankali, Ofelia, katakon na da santsi.

Agwagwar da na shiga ba ta itace ba ce.
Roba ce, shafal, ba ta kuka in ta gogi bango.
Amma ruwan na nan da warinsa,
gansakuka, man inji, tsohon kwabo,
warin da ya bi rigata har gida
ranar da Evaristo ya biya mana zagaye uku a jere
don maganar ta maƙale masa a wuya.
Sai a na ukun ta fito, daidai rijiya.

Duhu. Ƙugin sarƙa a ƙarƙashin ruwa.

Mai niƙa na ɗaga buhunsa har yau,
sai dai kafaɗar ta gaji, rabin hanya take kaiwa.
An sake masa fenti, an ba shi fararen haƙora
da bai taɓa mallaka ba.
Matarsa mai bin ɓera da tsintsiya an ɗauke ta,
wai injinta ya ƙone, an daina ƙera irinsa.
Ɓeran kuwa na nan kan siririn layinsa,
yana gudun ceton rai,
ba wanda ya gaya masa.
Na yi dariya ni kaɗai, kogon ya maido mini da ita.

Watan da, faifan gwangwani ne da ƙwan lantarki a baya,
in an yi ruwan sama sai ya riƙa kikkifta ido.
Na yanzu allo ne, yana sauya launi,
har taurari ke zubowa.
Ya fi kyau, ban musa ba.
Amma wancan na da lotsawa ta hagu
da Evaristo ya ce sak sanƙon maigidansu a tashar jirgi,
kuma wannan bai yi kama da kowa ba.

Minti bakwai. Ba abin da ya jefa ni sama,
ba abin da ya karɓe mini numfashi.
Ruwa ya ɗauke ni, ya aje ni inda ya same ni.

Anselmo ya ce sun zo da ma'auni bara,
sun zo shekarar da ta gabace ta,
suna ƙidaya motoci nawa filin zai ci.
Ya zuƙi shayinsa. Ya ce famfon dai bai tsaya ba.

Sai ga Delfina, gashi a hargitse, fuska fari fat.
Awa biyu a tsaye, Kaka, minti ɗaya a sama.
Me ke cikin wannan?
Na ce ba komai, ɓera ne da wata.

Ta shiga tana latsa waya.
Agwagwa ta ɗan karkata ta wajen nauyina.
Kafin rijiya hasken hannunta ya mutu,
na ji kafaɗarta ta sami tawa,
sai raɗa cikin duhu:
Kaka, wai me yake gudu?