Takalmin Nomau

An kawo min shi ranar Talata, kasuwar Mafara na ci,
a kan babur, tsakanin kawunsa da buhun albasa.
Kayansa duka leda ɗaya:
riga biyu, hular da ta yi masa kaɗan,
da murfin kwano wanda babu kwanonsa.
Kawun ya ce, "Ga amana, Barmani. Ba shi da rigima."
Gaskiya ya faɗa.
Rashin rigimar ne ya hana ni barci.

Shekara bakwai, bai tambayi kome ba.
Bai ce ina randa ba, bai ce yaushe zan koma ba.
In na ce ci, ya ci. In na ce tashi, ya tashi,
kamar mai biyan bashin da bai san yawansa ba.
Da takalmi yake kwana,
silifas na roba, ɗaya an ɗaure da waya.
In na zare masa cikin dare sai ya farka,
idonsa a kan ƙofa.

Na sami ɗumame ƙarƙashin tabarma, ya yi tsami,
ƙuli-ƙuli uku a aljihu, tururuwa ta riga shi.
Na ce, "Nomau, tukunyar gidan nan ba ta kwana da fushi."
Ya gyaɗa kai. Da dare ya sake ɓoyewa.

Wuƙa ta yanke shi wurin yankan kuɓewa, ko uffan.
Murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida,
sai ga shi ƙarƙashin gado, jiki na rawa kamar mazari,
fitsari na bin ƙafarsa.
Maƙwabta suka ce iska ce, a nemo hayaƙi.
Malamin aji ya ce kansa ne da nauyi,
wata uku bai riƙe harafi ɗaya ba.
Ni kuwa na ga yana ƙirga mu kowace magariba:
ni, Malam, Tanko, Ladidi, har akuya.
Mai gadin gida guda da ido biyu,
ina zai ajiye a-ba-ca-da?

A asibiti wata ma'aikaciya mai tsagar goshi
ta bar kujerarta, ta zauna ƙasa kusa da shi.
Bayan ya fita ta ce min,
"Wannan ciwo ba ya jin allura.
Ki riƙa gaya masa gobe tun yau.
Kada ki fita ba sallama, ko wuta za ki ɗebo.
Kuma ki bar shi ya ambaci uwarsa."

Haka na shiga sana'ar da ban gada ba.
Kullum bayan isha'i: gobe koko, sai makaranta,
sai ka kai wa Malam abinci fadamar Bakalori,
sai ka dawo nan.
Nan.
Kasuwa uku na ci ina gwada murfin nan
kafin na sami kwanon da ya hau.
Na tambaye shi sunanta.
Sai da aka yanke shinkafa ya ce,
"Hantsi. Tana sa daddawa da yawa."
Na ƙara daddawa.

Jiya na hana shi bin yara wanka a madatsa.
Ya buga ƙafa, ya yi jifa da moɗa,
ya ce, "Ke ba uwata ba ce!"
Ladidi ta riƙe baki. Malam ya waiwayi tsumagiya, na tare.
Na shiga ɗaki na yi kuka,
rabi don maganar ta soke ni,
rabi don na san baƙo ba ya fushi da masu gida.

Ban ce ya warke ba.
Har yanzu yana ƙirga mu, har yanzu ina shanya tabarma.
Amma yau da asuba na fito alwala,
na yi tuntuɓe a bakin ƙofarsu:
silifas biyu, ɗaya da waya,
an jera su a waje,
gefen na Tanko.