Ƙasar da Mhosva Ya Zubar

Kakan babana, Mhosva, ɗan ƙwadago ne,
shi da shebur da kwando a gindin ganuwar dutse,
kudu da Masvingo, inda gwaggon biri ke shan hantsi.
Bature na kan kujerar zane yana cewa: ƙara zurfi.
Sawun Bilkisu yake nema, ko na fataken teku,
don a ganinsa baƙin hannu bai isa ya jera dutse kan dutse,
ba laka, ba siminti,
ya tsaya ƙarni bayan ƙarni ba.

Kwando ya cika da tsingaro da toka da ƙashin saniya,
da dutsen niƙa da ya lotsa kamar tafin hannu.
Bature ya taɓa da sanda: shara ce, kai bayan tudu.
Mhosva ya gane zanen bakin tukunyar,
irin wanda uwarsa ke yi da tsinke kafin yumɓu ya sha iska.
Bai ce uffan ba. Akwai harajin bukka a wuyansa.
Ya ɗauka, ya zubar.
Ya dawo, ya ɗauka, ya zubar.
Guda ɗaya ya soke a ƙugu.

Ni ce Shuvai. Guntun nan a gwangwanin shayi na gaje shi.
Na yi karatu a ƙasar sanyi,
na ga kayanmu a aljihun tebur, kowanne da lamba,
da sunan wanda ya ɗauke, da ranar da ya ɗauke.
Na nemi sunan mai shebur. An rubuta: yara goma sha biyu.
Mhosva a lokacin yana da furfura.

Da na ce jujin zan tona, malamina ya gyara tabarau:
ƙasar da aka hautsina ba ta ba da shaida.
Na ce to, wanda ya hautsina ta fa,
ai ya bar tasa shaidar a ciki.

Kafin cokalina ya taɓa ƙasa
tsohuwa Chenzira ta durƙusa, ta tafa hannu a hankali,
ta barbaɗa taba, ta gaya wa na ƙasa ko su wane ne mu.
Wannan ma na sa shi a rahoto,
a shafin farko, ba a ƙasan shafi ba.

Wata uku ke nan muna tankaɗe.
Ga tsakiya shuɗiya, ga kashin maƙera,
ga maɓallin rigar Baturen, har da kwalbar giyarsa.
Ita ma na ba ta lamba.

Da dare, bayan tuwon masara,
nakan fito da guntun Mhosva in gwada bakinsa da na sauran.
Ɗari huɗu da bakwai zuwa jiya, babu wanda ya kama.
Jujin kuwa ko rabi ba mu ci ba.