Rasit a Cikin Hula

Kakana Jabbi ya bar Bunza da ƙafa,
da sanda, da gora, da niyyar Makka.
Guzuri ya ƙare masa a Gadarif,
ya ce bari ya noma dawa, damina ɗaya tak.
Damina ɗayar nan ce ta haifi ubana,
ita ce ta haife ni.

Ni a mota na dawo, bayan wuta ta ci unguwarmu,
da fasfon wata ƙasa a aljihu,
da Hausar da tsofaffin Bunza kan ji su yi tsit,
su ce, yaro, a bakin wa ka tsinci wannan?
Amma tebur ba ya jin karin harshe.
Tebur ya ce baƙo.
Na ce na'am.

Injin casar Alhaji Namakka, ni na san ciwonsa.
In ya yi tari, bel ne.
In ya yi gurnani, ƙarfe ya fara cin ɗan'uwansa.
Izinin aikina ya ƙare makon da aka sa lauje a fadama.
Na kai takardu Birnin Kebbi, da hoto huɗu, kunnuwa a waje.
Suka ce amsa tana Abuja, tana tafe.
Suka ba ni rasit, bai kai tafin hannu ba,
da hatimi shuɗi a gindinsa:
riƙe wannan, ci gaba da aikinka kafin ta iso.

Na naɗe shi a leda, na cusa cikin hula.
Namiji ɗan arba'in da uku,
da mata, da 'ya'ya biyu, da bashin haya,
duk nauyinsa a kan 'yar takarda
da ɗigon baƙin mai ya isa ya kashe.
Ko alwala zan yi, hular nesa da buta.

Ashe hatimi ma da kwanansa, kamar mutum.
Nawa ya cika ran Alhamis.
Mai sabuntawa ya tafi ta'aziyya Zuru, sai Litinin.
Ran Asabar da hantsi injin ya mutu.

Buhu saba'in a ƙofa,
mata zaune a kan shansherarsu suna fifita da gefen zane.
Gwamma ta ce, Malam, kai ba ka ganin rana?
Alhaji ya rage murya: wa zai sani?
Na ce, ni.
Ba tsoron Allah kaɗai ba ne, kar in yi ƙarya,
har da tsoron mai tsegumi da waya a hannu.

Sai na kira Haliru mai sharar dusa.
Na harɗe hannuwa a baya kamar ɗan kallon dara.
Ɗauko sifana. Sha bakwai, ba sha tara ba.
Sassauta, ba kokawa kuke ba.
Sa kunnenka nan. Me ya ce maka?
Yatsuna suna ta mutsu-mutsu a bayana
kamar tarwaɗar da aka jefa a kwarya.

La'asar sakaliya injin ya yi atishawa,
ya sake, ya kama.
Gwamma ta rangaɗa guɗa,
ta auna wa yaron mudu biyu har da gyara,
ta dube ni sama da ƙasa:
kai kuwa, tun safe me ka yi?

Litinin aka buga sabon shuɗi kusa da tsohon.
Amsa fa? Tana tafe.

Da dare Ihsan ta tambaye ni ko ta kwance sauran kaya.
Na ce bari dai mu ga damina ɗaya.
Ta yi dariyar da ba ta yi ba tun Gadarif.

Haliru bai dawo min da sha bakwai ɗina ba.
Ina ganin shacinta a aljihunsa.
Ban tambaya ba.